Amsa ga likitan yara da ke tsoron zuciyarsa ta bushe

Assalamu alaikum. Ni likita ne a wani asibiti a Zariya, ina shekara ta biyu a horon neman ƙwarewa a fannin lafiyar yara. Mun ragu ƙwarai a sashenmu saboda abokan aiki da dama sun bar ƙasar, don haka kwanan aiki yana zagayowa kaina duk bayan kwana biyu, kuma idan gari ya waye ba gida nake tafiya ba, sai na yi zagayen ɗakin marasa lafiya, na kuma zauna a kilinik har la'asar. A ranakun da ya kamata in huta ina aiki a wani asibitin kuɗi, domin ni ke ɗauke da iyayena da ƙannena, ban da matata da ɗanmu. Ina shan kofi da lemon ƙarin kuzari don in tsaya a farke, idan na koma gida kuma in sha ƙwayar barci da na rubuta wa kaina. Kwanakin baya barci ya ɗauke ni ina tuƙi kusa da Kwangila, hon ɗin wata tirela ne ya farkar da ni. Abin da ya sa na rubuto shi ne, wani yaro ya rasu a hannuna da asuba bayan mun sha fama, na sanar da mahaifiyarsa, tana kuka, ni kuwa abin da na ji a raina sauƙi ne, cewa yanzu zan samu in kwanta. Tun ranar nake ƙyamar kaina. Na gaya wa wani na gaba da ni, ya ce su a zamaninsu sun ga abin da ya fi haka. Mahaifina ya ce in yi haƙuri, aikin lada ne. Jarrabawar kashi na ɗaya ta horon neman ƙwarewa tana tafe, ba na iya karatu. Shin zuciyata ce ta bushe? In ajiye aikin in nemi tafiya Saudiyya kamar sauran, ko in daure?

Wa alaikumus salam, ƙanena Likita. Allah ya sa yaron mai ceton iyayensa ne, ya ba su haƙurin rashinsa, kai kuma ya saka maka da alheri a kan daren da ka raba kana fama a kansa.

Zan fara da tambayar da ta fi ci maka rai, ko da yake ba ita ce ta fi gaggawa ba. Zuciyarka ba ta bushe ba, kuma abin da ka ji a gaban matar nan ba hukunci ba ne a kan halinka ko imaninka. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a cikin kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, a matsayin matsalar da ke tasowa daga wahalar wurin aiki da ta daɗe ba a shawo kanta ba, ta kuma ambaci alamominta guda uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa jin ba ruwansa da shi, da raguwar ƙwazo. Duka ukun suna cikin wasiƙarka, ta biyun ce kuma ta firgita ka. Christina Maslach, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ma'auninta na 1981 shi ne har yau aka fi amfani da shi wajen auna wannan matsala, ta lura tun farkon bincikenta cewa ma'aikatan da ke wuni da mutane masu wahala kullum sukan fara janye zuciyarsu daga waɗanda suke taimako, domin hanya ce da rai ke bi ya kare kansa idan abin da ake nema a wurinsa ya fi ƙarfinsa. Wanda ya haura awa 20 idonsa biyu, jikinsa barci kawai yake nema, kuma duk abin da ya buɗe masa ƙofar barci zai ji shi a matsayin sauƙi tun kafin tunani ya iso. Ka tsaya a kan yaron, ka yi iya abin da ilminka da kayan da ke hannunka suka ba ka dama, ka kuma tsaya a gaban uwarsa ka gaya mata da bakinka. Wannan shi ne abin da ka aikata da zaɓinka, a kansa kuma ake yi wa mutum hisabi. Wancan jin ya zo maka ba da izininka ba. Sai dai ina so ka ɗauke shi da muhimmanci ta wata fuska, domin alama ce cewa ka kai matakin da idan aka ci gaba a haka za ka fara gajarta wa iyaye bayani, ka daina komawa duba yaron da ka ɗan yi shakka a kansa, daga nan kuma gajiyarka ta fara taɓa marasa lafiya.

Abin da ya fi gaggawa shi ne motar nan da ƙwayar nan. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita, idan kuma ya kai awa 24 abin yakan kusan ninkawa. Wani binciken da aka yi a kan sababbin likitoci a Amurka, aka wallafa a 2005, ya gano cewa yiwuwar yin haɗarin mota a hanyar komawa gida ta fi ninki biyu bayan dogon kwanan aiki. Ka san Kwangila, ka san manyan motocin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Kano dare da rana. Allah ya kiyaye ka a wannan karon, kada ka mayar da kiyayewarsa abin gwaji. Daga yau, duk ranar da ka kwana aiki kada ka riƙe sitiyari. Ka bar motar a asibiti ka hau Keke Napep, ko ƙaninka ya zo ya ɗauke ka, idan kuma dole sai ka tuƙa, ka kwanta a ɗakin kwanan likitoci ko da na minti 30 ne kafin ka tayar da mota. Sauke gilashi da ƙure rediyo da tauna goro ba sa hana irin barcin daƙiƙa biyu ko uku da ke sace mutum ba tare da ya sani ba, kuma a kan babbar hanya waɗannan daƙiƙun sun isa.

Ba ka faɗi sunan ƙwayar ba, amma idan daga dangin diazepam ce, kai ma ka san jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, tana kuma barin mutum da nauyin kai washegari, abin da ke sa ya ƙara kofi, kofin kuma ya hana shi barci da dare, sai ya koma ga ƙwayar. Rabin sinadarin kofi yana nan a jini bayan kimanin awa 5, saboda haka wanda ka sha da la'asar yana tare da kai har bayan isha'i. Idan ka yi makonni kana shan ƙwayar kullum, kada ka yanke ta dare ɗaya, domin hakan na iya jawo rawar jiki da firgita har da jijjiga. A rage ta a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, kuma likitan nan ba kai ba ne. Wanda ke rubuta wa kansa maganin barci ko na ciwo yana kan hanyar da ta kai ma'aikatan lafiya da dama ga tramadol da allurar pentazocine, mutane masu hankali da tarbiyya waɗanda niyyarsu ta farko su samu barcin dare ɗaya ce kawai.

Wannan ya kawo mu ga abin da likitoci suka fi kowa ƙi, wato su yanki kati su zauna a kujerar marar lafiya. Ina so a duba ka sosai, domin gajiyar aiki da ciwon damuwa suna kama da juna, sukan kuma haɗu a mutum ɗaya, alhali maganinsu ya bambanta. Gajiyar aiki takan yi sauƙi idan mutum ya yi nesa da asibiti, sai ka ga ya ci abinci da marmari, ya yi wasa da ɗansa, ya yi dariya a majalisa. Ciwon damuwa kuwa yana bin mutum har gida da masallaci da wurin biki. Idan ka yi mako biyu ko fiye ranka a ɓace kusan kullum, abin da ka saba jin daɗinsa ya daina yi maka daɗi, kana farkawa tun kafin assalatu barci ya ƙi dawowa duk da gajiya, kana kuma ganin kanka ba ka da wani amfani, to magana ta wuce ta hutu kaɗai. Wani nazari da ya tattara bincike 54 daga ƙasashe daban-daban, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna kusan kashi 29 cikin 100 na likitoci masu neman ƙwarewa suna da ciwon damuwa ko alamominsa, don haka a ɗakin da kuke taron safiya da wuya a ce kai kaɗai ne. Tunda ka ce kana ƙyamar kanka, zan tambaye ka kai tsaye kamar yadda za ka tambayi marar lafiyarka: shin tunanin cewa gara ka mutu, ko ka cutar da kanka, ya taɓa zuwa maka? Idan ya taɓa, kada ka sake kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa matarka ko aminin da ka yarda da shi yau, ka miƙa masa ƙwayoyin da ke hannunka, ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jiran ranar hutu ba.

Na san abin da ke hana mutane zuwa, wato tsoron a gan su a ƙofar wannan sashe a asibitin da kowa ya san kowa, labari ya kai kunnen manya kafin azahar. Tsoron yana da dalili, amma yana da mafita. Kana iya neman ganawa da wani babban likita a keɓe, ko ka tafi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duka tafiyar da za ka yi ka dawo a yini ɗaya ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sirrin marar lafiya, ta kuma hana a nuna masa bambanci saboda ciwonsa. A duba jikin ma: yawan jini, sukari, hawan jini, aikin tayirod (halittar da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki), da tarin fuka idan kana rama ko zufar dare, tunda aikinka yana haɗa ka da masu shi.

Maganar na gaba da kai cewa sun ga abin da ya fi haka ba ƙarya ba ce, kuma bai kamata ka raina wahalar da suka sha ba. Amma wahalar da wani ya sha ba hujja ba ce cewa tsarin daidai ne, kuma waɗanda tsarin ya karya ba sa sashen balle su ba da nasu labarin, wanda ya tsira kaɗai ake ji. Ƙasashen da muka gaji wannan salon horo daga wurinsu sun riga sun sauya shi. A 1984 wata budurwa 'yar shekara 18 mai suna Libby Zion ta rasu a wani asibiti a birnin Niyu Yok a hannun ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa da aiki ya yi wa yawa, babu babba a kusa. Mahaifinta ya bi maganar har jihar ta kafa ƙa'ida a 1989 da ta taƙaita aikin irin waɗannan likitoci zuwa awa 80 a mako, a 2003 kuma aka shimfiɗa wannan iyaka a faɗin Amurka. A Ingila an kai ga matsakaicin awa 48 a mako tun 2009 bisa dokar Tarayyar Turai. Wani gwaji da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman a Boston, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa sababbin likitocin da ke bin tsohon tsarin kwanan aiki na awa 24 ko fiye sun yi manyan kurakurai da suka zarce na lokacin da aka gajarta musu aikin da kusan kashi 36 cikin 100. Adalci ya sa in ƙara da cewa gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka nuna cewa rage awoyi kaɗai yana rage mutuwar marasa lafiya ba, domin yawan miƙa marar lafiya daga hannu zuwa hannu shi ma yana haifar da kuskure, idan kuma aka rage awoyi ba a rage yawan marasa lafiya ba, aikin cunkushewa kawai yake yi. Amma ko a cikin waɗannan gwaje-gwajen ba a taɓa iyakar awa 80 da hutun yini ɗaya a mako ba. Kai kuwa, idan aka lissafa kwanan aiki duk bayan kwana biyu tare da kilinik washegari, ka riga ka zarce waccan iyaka tun kafin a ƙirga asibitin kuɗi. A nan gida ma ƙungiyarku ta likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, ta umarci mambobinta a 2025 da kada su wuce awa 24 a jere suna kwanan aiki, don haka abin da za ka nema ba baƙon abu ba ne.

Gyaran rosta, wato jadawalin aiki, ba ya hannunka kai kaɗai, amma akwai yadda ake nemansa a samu. Ka ɗauki littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka shiga da lokacin da ka fita kullum har mako 4, da adadin yaran da ka karɓa kowane dare, da awoyin da ka samu ka runtsa, ka kuma roƙi abokan aikinka biyu ko uku su yi haka. Wanda ya je shi kaɗai ya ce ya gaji, da sauƙi a kira shi rago, amma mutum huɗu da takarda a hannu dole a zauna da su. Ku bi ta ƙofa, ku fara da shugaban likitoci masu neman ƙwarewa na sashenku, sannan malamin da ke kula da horo, sannan shugaban sashe, da ladabin da ya dace da malamai, ba a zauren WhatsApp ba. Ku gabatar da maganar ta fuskar lafiyar yaran, domin gaskiyarta ke nan: likitan da ke lissafin maganin jariri mai kilo ɗaya da rabi bayan awa 30 a farke yana iya kuskuren ɗigo guda a rubutu da zai ninka maganin sau 10. Kada ku nemi abin da shugaban sashe ba shi da ikonsa, kamar ɗaukar sababbin likitoci gobe. Ku nemi wanda ya kwana ya tafi gida da zarar ya miƙa marasa lafiya da safe, a cire shi daga kilinik na ranar. Idan mutum biyu ne a dare, a raba daren bayan ƙarfe 12, kowa ya samu awa 3 a jere ba a tashe shi ba sai da larura. Ɗakin kwana ya kasance da makulli da ruwa da gidan sauro, hutun shekara kuma a sa masa rana a rubuce maimakon a riƙa cewa sai an samu sarari. Idan sashe ya ƙi saurara, reshen ƙungiyarku na asibitin yana da masu kula da walwalar mambobi, kuma irin wannan ne aikinsu.

Mahaifinka ya faɗi gaskiya, aikin lada ne, haƙuri kuma abin nema ne. Sai dai ina zaton bai san abin da ya faru a Kwangila ba, da ya sani da ba a nan maganarsa za ta tsaya ba. Iyaye sukan ce a yi haƙuri ne gwargwadon abin da aka nuna musu, saboda haka ka zauna ka gaya masa komai. Addinin da ya yabi haƙuri shi ne ya kawo mana labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda, lokacin da Salmanu ya ga ɗan'uwansa ya duƙufa a kan azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da iyalinsa, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Idan an hana mutum galabaitar da jikinsa da nafila, ba za a ce ya halaka shi da rosta ba. Sana'ar likitanci ma ta iso wannan matsayi, domin a 2017 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara wani layi a rantsuwar likitoci ta Janiba, inda likita ke alkawarin kula da lafiyarsa da walwalarsa domin ya iya ba da kulawa mafi inganci.

Aikin asibitin kuɗi shi ne wurin da kake da cikakken iko, shi ne kuma mafi wuyar taɓawa, domin bakuna da yawa suna ci daga cikinsa. Ba zan ce maka ka daina kamar ban san tsadar masara da kuɗin makaranta ba. Amma ka zauna da matarka ku yi lissafi a rubuce, ku ga nawa yake shigowa daga can, nawa daga ciki ne na dole, nawa ne kuma ke tafiya ga buƙatun da za su iya jira. Shawarata ita ce ka dakatar da shi na wata 2 ko 3, idan kuma hakan ba zai yiwu ba, kada ka sake karɓar aiki a ranar da ka fito daga kwanan aiki. Ka tara ƙannenka ka gaya musu adadin da za ka iya bayarwa a wata, abin da ya wuce haka a raba tsakanin masu abin yi ko a jira. Za a yi gunaguni, domin a gidajenmu ana ɗaukar likita rijiyar da ba ta ƙafewa, amma gunagunin wata biyu ya fi sauƙi a kan gida ya rasa mai ɗauke da shi gaba ɗaya. Haka ma 'yan'uwa da maƙwabta da ke kiranka tsakar dare ko su tare ka a ƙofar masallaci da takardar gwaji, ka sa musu lokaci cikin mutunci, ka kashe waya idan ka kwanta bayan kwanan aiki, a bar lambar uwargida domin larurar gaske. Idan asibitinku yana cikin masu cin gajiyar kuɗin tallafin horo da dokar horon likitoci ta 2017 ta tanada, ka tabbata ka cike takardunsa a kan lokaci, domin kada kuɗin jarrabawa da na kwas su fito daga barcinka. Matarka kuma ta cancanci ta san halin da kake ciki, domin mace da mijinta ke dawowa ya yi shiru ya juya baya takan fassara abin da wata ma'ana dabam idan ba a yi mata bayani ba.

Akwai wani nauyi da barci kaɗai ba ya saukewa, shi ne yawan ganin yara suna rasuwa da cututtukan da ka san maganinsu. Da damina ana kawo maka yaro zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, an yi kwanaki ana gwada na kemis da na gida, uban kuma yana waje yana neman kuɗin ledar jini. Dole ka koyi rarrabe abin da ke wuyanka da abin da ba ya wuyanka, in ba haka ba za ka riƙa ɗaukar talaucin gari da ƙarancin kayan aiki a matsayin laifinka. Taron bitar mace-mace na sashe yana duba inda aka yi kuskure a magani, ba ya tambayar halin wanda ya tsaya a kan gawar. Wannan tambayar ku za ku yi wa junanku. Bayan rashi mai nauyi ku tsaya ko da na minti 5 ne, kai da nas da ƙaramin likitan da kuka kwana tare, ku yi wa yaron addu'a, kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai. Ka kuma nemi wani daga cikin manyan malamai, ko da ba a sashenku yake ba, wanda za ka riƙa gaya wa irin abin da ka rubuto mini. Ba duk manya ne za su amsa maka da labarin zamaninsu ba.

Batun jarrabawa mai sauƙi ne. Kwalejin horon ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas da takwararta ta Afirka ta Yamma kowace tana shirya jarrabawa sau biyu a shekara, saboda haka ɗaga zama ɗaya jinkirin kimanin wata 6 ne. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, wanda kuma ba ya barci yana iya wuni a kan littafi ya tashi da ɗan kaɗan. Idan ba ka shirya ba, ka ɗaga, ka sanar da malamin da ke kula da horonka dalili.

Tafiya Saudiyya ko Ingila ba laifi ba ce, ba kuma cin amanar kowa ba ce, kuma ba zan ɗora maka nauyin gyaran asibitocin ƙasar nan kai kaɗai ba. Abin da ba na so shi ne ka yanke hukuncin da zai juya rayuwarka da ta iyalinka a lokacin da ko tuƙi na hana ka. Idan ciwon damuwa ne a ƙarƙashin gajiyar, tare za ku hau jirgi, ku sauka a ƙasar da babu iyaye babu abokan majalisa. Idan kuwa rosta ce kaɗai, kana buƙatar ka ga ko za ta gyaru kafin ka san abin da kake gudu. A ganina, idan lafiyarka ta ba da dama, ya fi maka ka ci kashi na ɗaya tukuna, domin shi ke kai ka matsayin babban rajistara, wato mataki na sama a horon neman ƙwarewa, kuma duk inda ka je da shi a hannu ba daidai kake da wanda ya tafi da shaidar digiri kaɗai ba. Ka ɗauki hutun shekararka cikakke, kada ka kashe shi a asibitin kuɗi ko a kan littafi, ka ga likita a cikinsa, ka daidaita barcinka, sannan ka ba gyaran rosta wata 3. Idan bayan haka babu abin da ya sauya, komawa wata cibiyar horo, ko sauya fanni, ko barin ƙasar, duka hanyoyi ne na mutunci, kuma a lokacin za ka zaɓa da hankalinka a jikinka. Takardar da nake so ka rubuta a wannan makon ta neman hutu ce. Ta ajiye aiki kuwa, idan har za a rubuta ta, a bari sai ka dawo.